Yadda za ku raba aikin gidajen haɗaka kada mutum biyar su ɗauki nauyin mutum hamsin

Wani dare bayan an gama cin abincin da muke ci tare kowa ya watse, na dawo babban kicin ɗinmu don na manta wayata a kan tebur, ƙarfe goma har ta gota, sai na tarar da wata maƙwabciyarmu dattijuwa da kowa ke kira Mama ta naɗe hannun riga tana ta kankare gindin babbar tukunya da ya kama, ita kaɗai, fanfo na zuba, kuma na san sarai ba ranarta ba ce don sunanta ba ya jikin takardar da ke manne a ƙofa. Na ce Mama ina masu wanke-wanken yau? Ta ce ɗana sun wanke kwanuka sun tafi, tukunyar ce suka jiƙa wai sai da safe, ni kuma na san in na bar ta da safen ma ba mai waiwayarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma yadda take murza soson ƙarfen nan ka san akwai abin da ya daɗe yana cin ta a rai. Bayan 'yan watanni ta daina zuwa cin abinci da mu gaba ɗaya, ta ce ƙafa ce ke damunta, kuma wallahi dukkanmu mun san ba ƙafa ba ce.

Tun daga ranar na ɗauki maganar rabon aiki da gaske, kuma abin da zan rubuta a nan na waɗanda ke zaune a irin wannan tsari ne ko suke shirin kafa shi. Ga wanda bai san shi ba, zaman haɗaka shi ne kowane iyali da gidansa, da ƙofarsa da kicin ɗinsa da makullinsa, amma akwai babban gida ɗaya na kowa da kowa mai ɗakin cin abinci da babban kicin, sau da yawa harda ɗakin wanki da ɗakin baƙi da wurin wasan yara da lambu, kuma mazaunan ne da kansu suke tafiyar da komai, babu wani manaja ko mai gida da za a kai wa ƙara. A Denmak abin ya samo asali, inda iyalai 27 suka tare a wani rukunin gidaje mai suna Sættedammen a 1972, daga baya wasu masu zanen gine-gine biyu 'yan Amurka, Kathryn McCamant da Charles Durrett, suka je suka gani suka kai tsarin ƙasarsu, aka buɗe Muir Commons a garin Davis na Kalifoniya a 1991, a Landan ma akwai New Ground da mata 'yan sama da shekara 50 suka kafa wa kansu suka tare a 2016. Galibi gida ashirin zuwa arba'in ne. Toh tunda babu manaja, duk abin da manaja da ma'aikatansa za su yi ya dawo kanku, tun daga fitar da shara har zuwa lissafin kuɗin gyaran rufi.

Kafin ku fara nuna wa juna yatsa, ku san cewa kusan kowa a cikinku yana ganin shi ne yake yin fiye da rabonsa, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake gani da gaske. A 1979 wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, sun tambayi ma'aurata kowa daban nawa ne kasonsa a ayyukan gida irin su wanke-wanke da haɗa karin kumallo, da aka haɗa amsar miji da ta mata sai a yawancin gidajen jimillar ta wuce ɗari bisa ɗari, dalili kuwa mai sauƙi ne, kai kana tuna duk sharar da ka yi don kana wurin, wadda wani ya yi kana barci ba ka gani ba. In mutum biyu da ke kwana ɗaki ɗaya haka suke, ina ga mutum hamsin. Sannan akwai ɗaya matsalar da wani injiniyan noma Bafaranshe mai suna Max Ringelmann ya wallafa tun 1913, ya sa mutane jan igiya sai ya ga duk sanda aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake, har in sun kai takwas kowa na bayar da kusan rabin abin da zai iya in shi kaɗai ne. Na kawo waɗannan ne don ku daina zaton maƙwabtanku mugaye ne ko malalata, yawancinsu ba haka suke ba, aikin da ba a rubuta sunan kowa a kai ba haka yake zamewa a hannun mutanen kirki ma.

Don haka abu na farko, kuma ni a ganina shi ne rabin maganin, ku zauna ku rubuta duk aikin da ake yi a wurin nan, duka fa, ba wanda ido ke gani kawai ba. Ku manna babbar takarda a bangon ɗakin cin abinci ku bar ta wata guda cur, duk wanda ya yi wani abu don jama'a ya rubuta mene ne da kuma minti nawa ya ci masa, ba sai ya sa suna ba a wannan matakin. Abin da zai fara cika takardar shi ne girki, wanke-wanke, shara, goge-goge, yankan ciyawa, ban ruwan lambu, wankin banɗakin babban gida, fitar da kwandunan bola ranar da mota ke zuwa. Waɗannan kowa ya san su. Amma ku dage sai an rubuta ɗaya kashin, wanda shi ne yake cinye mutane a ɓoye: wa yake lura sabulun wanke-wanke ya kusa ƙarewa ya sayo kafin ya ƙare, wa yake wanke tsummokaran kicin ya shanya ya ninke, wa yake rubuta abin da aka tattauna a mitin ya tura wa waɗanda ba su zo ba, wa yake zaman jiran mai gyaran fanfo ranar aiki daga safe har azahar don ya buɗe masa ƙofa, wa yake bin mutane kuɗin wata, wa yake amsa wasiƙun masu son su zo su ga wurin, wa yake canza zanen gado a ɗakin baƙi, wa yake tuna cewa inshora ta kusa ƙarewa, wa yake shiga tsakani in maƙwabta biyu sun saɓa har ya kwashe awa biyu yana sauraron kowa. Shi kansa tsara jadawalin aikin, aiki ne, kuma mai cin rai, don mai yinsa ne ake yi wa waya a ce ni fa ranar Laraba ba zan samu ba. Ranar da muka karanta tamu takardar a mitin shiru ɗakin ya yi, don abubuwa da dama da muke zaton da kansu suke faruwa ashe mutum uku ko huɗu ne ke yinsu shekara da shekaru, kuma Mama na cikinsu.

In kun gama sai lissafi. A ce misali duka aikin ya tashi awa 300 a wata kuma ku manya 50 ne, kun ga kowa awa 6 kenan a wata, wato awa ɗaya da rabi a sati, kuma sau da yawa in mutane suka ga adadin a rubuce hankalinsu kwanciya yake don abin bai kai yadda suke tsoro ba. In kuma adadin ya fito da yawa har ya fi ƙarfinku, toh ba laifin kowa ba ne, kun ɗauko abin da ya fi ku ne, sai ku rage, ko girkin haɗaka ya koma sau biyu a sati maimakon huɗu, ko a rage girman lambu, ko a ɗauko mai aiki daga waje a biya shi daga asusun kowa don abubuwan da ke da haɗari ko suke buƙatar gwani kamar hawa rufi da aikin wuta. Babu abin kunya a nan. Girkin ma lissafinsa a fili yake, in ana ci tare sau uku a sati kuma kowane dare na buƙatar masu girki biyu da masu wanke-wanke biyu, gurbi 12 kenan a sati, kusan 48 a wata, manya 50 kowa sau ɗaya a wata ya ishe ku, ka yi aikin dare ɗaya ka ci na sauran darare goma sha ɗaya kana zaune.

Za ku yi gardama a kan ko a raba bisa gida ko bisa mutum, wannan ba makawa. Ni dai ra'ayina a raba bisa kowane baligi. In aka ce kowane gida awa goma, wanda yake zaune shi kaɗai ya ɗauki goma, gidan da ke da manya uku su raba goma, alhali su ukun suna cin abinci uku suna amfani da injin wanki fiye da shi, wannan ba adalci ba ne ko ta ina ka duba. Kuma rabon bisa gida yana da wata illa da ba a cika faɗa ba, a gidaje da yawa sai ka ga matar ce ke cika awannin gidan duka mijin ko ƙofar kicin bai sani ba. Ku sa sunan kowa daban. Yara kuma a ba su nasu daidai ƙarfinsu, jera cokula, goge tebur, tattara kayan wasa, amma kada a lissafa shi a madadin na iyayensu.

Aikin ba iri ɗaya ba ne, don haka ba a raba shi ta hanya ɗaya. Akwai mai zagayowa kamar girki da wanke-wanke da wankin banɗaki, wannan jadawali ne maganinsa, kuma shawarata aikin da kowa ke gudu, banɗaki da bola da share magudanar ruwa, ya zagaya kan kowa ba tare da togiya ba sai mai lalura, don in aka bar shi ga masu sa kai to mutum biyu masu kunya ne za su dawwama a kansa. Akwai kuma wanda yake son mutum ɗaya ya riƙe shi na tsawon lokaci don sai an san kansa, kamar littafin kuɗi, kula da injinan wanki, ɗakin baƙi, takin lambu, a nan ku bar mutane su zaɓi abin da ransu ke so don wanda yake son lambu zai yi awa biyar bai ji ba, wanda ba ya so kuwa minti talatin ma azaba ce a wurinsa, amma fa lallai a rubuta suna ɗaya a gaban kowane aiki, ba kwamiti ba, ba "masu kula da waje" ba, suna ɗaya na mutum mai rai wanda in ƙwan fitilar hanya ya mutu kowa ya san shi za a gaya wa. Kwamiti na iya taimaka masa amma igiyar a hannunsa take. Na uku shi ne babban aiki na lokaci-lokaci, fenti, gyaran shinge, babbar sharar ɗakin ajiya, wannan a ware masa rana ɗaya a wata ko duk wata biyu a yi aikin gayya, awa uku ko huɗu, a sa ranakun a kalanda tun farkon shekara, wani ya shirya jerin ayyukan da kayan aiki tun daren jiya don kada mutum ashirin su fito su tsaya cirko-cirko suna tambayar ina tsintsiya, a tanadi aikin zaune ga waɗanda ba sa iya sunkuyo, a sa mutum biyu su riƙe yara kuma a lissafa musu shi a matsayin cikakken aiki, a ƙare da cin abinci tare.

Wani abu ƙarami da ya rage mana rigima sosai: ku rubuta me ake nufi da an gama. Tsaftar wani ba ita ce ta wani ba, wani in ya goge tebur a wurinsa kicin ya yi fes, wani kuwa sai ya ja firij ya share bayansa. Mu yanzu akwai kati a manne saman wurin wanke-wanke, layi tara ne kacal, a wanke tukwane duka harda wadda ta kama, a goge murhu, a zubar da shara a sa sabuwar leda, a rubuta kwanan wata a kan ragowar abinci kafin a sa firij, a share ƙasa a goge, a kai tsummokara kwandon wanki, da sauransu. Da katin nan yana nan a wancan daren da ba a bar wa Mama tukunyar a jiƙe ba, kuma waɗanda suka jiƙa ta ɗin ba mugunta suka yi ba, a gidajensu haka suke yi.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani sosai, don a nan ne mutane masu son gaskiya suke yin zalunci ba su sani ba. Adalci ba shi ne kowa ya yi awa shida cif-cif ko ana ha-maza ha-mata ba. A cikinku akwai mai shekara tamanin, akwai wadda ta haihu sati uku da suka wuce, akwai mai jinyar mahaifinsa, akwai ma'aikaciyar asibiti mai kwana a wurin aiki, akwai wanda ciwonsa ba a gani a fuska kuma ba ya son ya yi ta bayani. In kuka ce dole kowa daidai wa daida, waɗannan za su fara jin kunyar fitowa tsakar gida, daga nan sai su fara neman wani wurin, kuma ai don irin ranakun nan aka zaɓi zama tare tun farko. Abin da ya fi shi ne ku amince tun yanzu, tun ran gini ran zane, cewa akwai hutu, wanda ya shiga wani hali ya gaya wa mutum ɗaya da aka naɗa don haka, a cire shi daga jadawali na wata uku, in lokacin ya cika a sake dubawa, kuma ba sai ya tsaya gaban mitin ya tona cikinsa ba. Amfanin yin sa a hukumance shi ne sauran sun san gurbin a buɗe yake za su cike shi da sani, ba wai su yi ta jiran wanda ba zai zo ba suna ƙunƙuni. Dattawa kuma kada ku cire su gaba ɗaya sai in su suka nema, cire mutum daga aiki wani lokaci kamar ce masa ne ba ka da sauran amfani, ku rage musu awanni ku canza musu iri, yankan albasa a zaune, karɓar baƙi, ninke tsummokara, sauraron karatun yara. A Twin Oaks, wata al'ummar masu zaman tare da ke jihar Bajiniya a Amurka, wadda aka kafa a 1967, awa ɗaya ta reno ko girki daidai take da awa ɗaya ta gini ko aikin da ke kawo kuɗi, kuma abin da ake nema daga mutum yana raguwa in shekarunsa sun ja. Su nasu tsarin ya fi namu zurfi nesa ba kusa ba don har kuɗin shiga haɗawa suke kuma suna aikin kusan awa arba'in a sati, ba na ce ku kwaikwaye su ba, amma wannan ƙa'ida ta awa ɗaya awa ɗaya ce ko ta wane aiki, ku ɗauke ta, don da zarar kun fara cewa awar mai lissafin kuɗi ta fi ta mai wankin banɗaki daraja, kun raba kanku gida biyu.

Maganar biyan kuɗi a madadin aiki kuwa, wurare da dama suna yi, wanda bai cika awanninsa ba ya biya wani adadi a kan kowace awa a sa a asusu. Ni ban ce haramun ba ne, yana da amfani ga wanda tafiya ta kama shi wata biyu, kuma ya fi a zuba ido a yi shiru. Amma ina tsoronsa in ya zama hanya ta dindindin, don ƙarshenta masu hali za su saye kansu, marasa hali su zama su ne masu share wa kowa, kuma ko ba wannan ba, a wurin aikin ne ake sanin juna, wanda kuka yanka kayan miya tare awa biyu ba za ka iya yi masa mugun zato da sauƙi ba. In za ku yarda da shi ku sa masa iyaka, a ce ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na awannin mutum ba, girki da ranar aikin gayya kuma ba a sayensu.

Sai rubuta abin da aka yi. Wasu za su ce haba, mu da muke zaman amana sai mun riƙa sa hannu kamar ma'aikatan kamfani? Na fahimce su, ni ma da haka nake gani, amma na ga abin da rashin rubutu yake haifarwa, kowa yana riƙe da nasa lissafin a zuci kuma lissafin zuci kullum mai shi yake bai wa gaskiya. Ku yi shi da sauƙi kawai, allo ko takarda a bango ko shafi ɗaya a intanet da kowa zai iya buɗewa, kowa ya rubuta nasa da kansa a ƙarshen wata, a yarda da abin da ya rubuta, ba mai bin diddigin minti. In tsarin ya kai sai an ɓata awa goma a wata wajen kula da shi, ya yi nauyi, ku sassauta.

Duk da haka za a samu wanda ba ya yi, ba lalura ba komai, kawai ba ya yi. Wannan ku shirya masa tun kafin ya faru, don in kuka bari sai an san ko wane ne sannan za a kafa doka, dokar za ta zama kamar don shi aka yi ta kuma rigimar za ta koma ta mutum da mutum. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tafiyar da dukiyar haɗaka ba ta lalace ba, makiyayar tsaunukan Suwizalan, hanyoyin ban ruwa a Sifen da Filifin, dazuzzukan ƙauyukan Japan, kuma cikin abubuwan da ta gano suna da su akwai cewa waɗanda doka za ta hau kansu su ne suke sa hannu wajen yin ta, akwai masu sa ido daga cikinsu, akwai hanyar sasanci mai sauƙi a kusa, sannan hukunci hawa-hawa yake, na farko ɗan kaɗan ne, sai an maimaita yake ƙaruwa. Haka za ku yi. Matakin farko mutum ɗaya, wanda aka naɗa kuma mai sanyin baki, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya zauna da shi, kuma tambaya zai fara da ita ba tuhuma ba, lafiya kuwa, mun ga wata biyu ba ka samu fitowa ba, akwai abin da za mu canza? Wallahi mafi yawan lokuta a nan maganar ke ƙarewa, sai ka ji ashe aikin da aka ba shi ne bai iya ba yana jin nauyin faɗa, ko wani ya taɓa gyara masa aiki a gaban mutane ya yi zuciya, ko yana cikin wani hali da ba wanda ya sani. In an sake, a zauna da mutum biyu a rubuta abin da aka amince da ranar da za a waiwaya. In an kuma, sannan maganar kuɗi ko kawo ta gaban mitin ta taso. Abin da nake roƙonku da shi don Allah, kada ku yi wannan a guruf ɗin WhatsApp, kada a ɗauki hoton kwanukan da ba a wanke ba a tura da "wasu dai ba sa jin magana", habaici bai taɓa wanke kwano ko ɗaya ba, mai laifin zai yi kamar bai gani ba, marasa laifi goma kuma su kwana da ɓacin rai.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a son faɗa don kamar butulci ne, wato masu yin aiki fiye da kima su ma sai an taka musu birki, cikin ƙauna. Mutumin da yake riƙe da littafin kuɗi da makullin ɗakin ajiya da lambar duk masu gyara shekara bakwai, ranar da ya kwanta ciwo ko ya tashi wurin tsayawa yake cak, kuma kafin nan ma a hankali yakan fara jin wurin nasa ne fiye da na kowa, sababbi su kawo shawara ya ce mun gwada ba ta yi ba, su kuma su ja baya, shi kuma ya ƙara cewa kun gani ba mai taimako. Ku sa wa manyan muƙamai wa'adi, shekara biyu ta isa, kowane mai riƙe da aiki ya kasance da mataimaki da ke koyo, a rubuta yadda ake yin aikin a shafi ɗaya a ajiye inda kowa zai gani. Kuma in sabon hannu ya karɓa a bar shi ya yi yadda ya iya ko da bai kai na tsohon ba, in dai ya cika abin da ke kan kati, kada a bi bayansa ana sake gogewa yana kallo.

Sababbin shigowa a gaya musu maganar aiki tun kafin su sa hannu a takardar gida, a rubuce, da adadin awanni, harda masu haya ba masu mallaka kaɗai ba, kuma a haɗa kowane sabo da wani tsoho ya yi girkinsa na farko tare da shi, don dafa wa mutum arba'in a karon farko abin tsoro ne ga wanda bai taɓa ba, ga manyan tukwane ga murhun da bai san halinsa ba. Duk wata shida kuma ku ware mitin ɗaya na wannan magana kaɗai, ku ɗauko jerin ku duba wane aiki ne ya mutu a cire shi, wanne ne ya ƙaru ba a rubuta ba, ku kalli sunayen da idon basira ku ga ko kicin da reno sun koma hannun mata zalla yayin da maza suka tattare a kwamitin kuɗi da gini, in haka ne ku gauraya da gangan, sannan a zagaya kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi masa nauyi da abu ɗaya da wani ya yi wanda ya ji daɗinsa, da suna.

A irin wannan mitin ne, bayan mun yi takardar bango da kati da jadawali, mutum biyu daga cikinmu suka je gidan Mama suka ba ta haƙuri a madadin kowa, suka nuna mata jerin abubuwa goma sha ɗaya da muka gano ita ke yinsu ba wanda ya taɓa sa ta, suka ce ta zaɓi biyu ta bar mana tara. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta ɗauki biro, ta zaɓi ninke tsummokara da shayar da furannin bakin ƙofa, ta ce sauran a tabbata wanda zai karɓi sayen sabulu ya riƙa duba kwalin ƙasan wurin wanke-wanke duk ranar Lahadi don a nan ake ajiye na ko-ta-kwana.